Wa Zai Sa Hannu? Nazarin Abin da Ya Faru a Kwamitin Lafiya na Wata Mazaɓa a Ƙasar Daura

Kuɗin suna nan a banki daren da wata mai haihuwa ta kusa rasa ranta a asibitinmu saboda rashin magani. Mako bakwai ke nan da shigarsu asusun asibitin mazaɓarmu, ba wanda ya ci, ba wanda ya karkatar da ko kwabo. Abin da ya hana a taɓa su sa hannun mutum ɗaya ne, mutumin kuma yana Kaduna. Ni ne sakataren kwamitin a lokacin, littafin taro a hannuna yake kwana, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Ba zan kama sunan mazaɓar ko na mutanen ba, domin dukansu suna raye, wasunsu ma sahu ɗaya muke haɗawa a masallaci.

Da yawa daga mutanenmu suna ɗauka wannan kwamiti abin kansila ne, ko kuwa wata alfarma ce da dagaci yake rabawa. Asalinsa ya fi haka nisa. A taron Alma-Ata na 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko ba ya tsayuwa sai jama'ar wuri suna da hannu a tafiyar da shi. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako, suka kawo tsarin da jama'a za su riƙa kula da asusun magani da kansu, a sayar a sake sayowa. A nan gida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dage a kan a kai asibiti kusa da talaka, kuma a 1992 aka kafa hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa. Daga baya aka mayar da mazaɓa ta zama ginshiƙin tsarin: kowace mazaɓa da asibitinta, kowane asibiti da kwamitin mutanen gari a bayansa. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, to ka ga yawan kwamitocin da ake magana.

Shekara da shekaru kwamitin suna ne kawai, sai lokacin allurar shan inna a tuna da shi. Abin da ya ba shi haƙora dokar lafiya ta ƙasa ce ta 2014, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko. Ba a sa kuɗin a kasafi ba sai a 2018, inda aka ware naira biliyan 55 da ɗoriya. Wani kaso daga ciki yana sauka kai tsaye a asusun asibitin mazaɓa duk bayan wata uku. A lokacin da nake magana naira 300,000 ne da 'yan kai, na magani da gyare-gyare da kayan aiki. Kuɗin ba sa fita sai da hannu biyu: na in-cajin asibiti da na shugaban kwamiti. An yi haka ne don kada ma'aikaci ya zama shi ke kiɗa shi ke rawa, kuma tunani ne mai kyau. Sai dai tun daga ranar kujerar shugaba ta tashi daga kujerar girmamawa ta koma kujerar aiki, mu kuwa ba mu lura ba.

Namu kwamitin a zauren dagaci aka naɗa shi, wata ranar Asabar bayan la'asar, kafin magariba an tashi. Mutum goma sha biyar. Da aka zo kan shugaba ba a ko yi muhawara ba, kowa ya ce Alhaji. Kuma gaskiya ce, ba wanda ya kai shi hidima: shi ya rufa masallacin Juma'a, shi ya haƙa burtsatsen da rabin gari ke sha, da azumi motar hatsinsa ba ta fashi. Abu ɗaya ne ba a faɗa ba, ko da yake kowa ya sani: harkokinsa a Kaduna suke, iyalinsa can suke, gida sai da salla ko rasuwa. Aka sa mata biyu saboda takarda ta ce sai da mata. Ɗaya 'yar'uwar kansila ce da ke aure a cikin garin Daura, ɗayar kuwa ba a nemi izinin mijinta ba kafin a rubuta sunanta, ba ta taɓa zuwa ba. Ni an sa ni ne don ina koyarwa a firamare, na iya rubuta takarda.

Taron farko kowa ya zo. A na biyu aka tambayi kuɗin zama, in-caji ya ce babu, aikin sa kai ne. A na huɗu mu huɗu ne a ƙarƙashin dalbejiyar asibiti. A nan nake da laifin da ba zan ɗora wa kowa ba. Da ƙaramar hukuma ta fara neman shaidar taron wata-wata, sai na riƙa ɗaukar littafin ina bi gida-gida ana sa mini hannu, in rubuta cewa an zauna an amince. In-caji ya tsara abin da za a saya, ni in rubuta, Alhaji in ya zo ya sa hannu a tsaye, motarsa na jira. A takarda kwamitinmu yana cikin masu ƙoƙari. Na ɗauka rufin asiri nake yi wa gari.

Daminar shekarar da abin ya faru ta zo da ƙarfi. Kwanon ɗakin haihuwa ya buɗe ta kusurwar gabas, aka ja gadon gefe aka tara bokiti. Batirin sola ya mutu, fitila ba ta kai ƙarfe tara. Sannan allurar tsayar da jini bayan haihuwa ta ƙare, ƙwayoyin da ake sawa a ƙarƙashin harshe in babu allurar su ma suka ƙare. In-caji ya kira Alhaji, ya ce yana tafe ƙarshen mako. Ƙarshen makon ya zama tafiya Legas, daga can rashin lafiya ta kwantar da shi. Na kira shi sau biyu da kaina, a na uku na ji nauyi. Yaya za ka dami babban mutum yana jinya a kan sa hannu? Wannan jin nauyin shi ne ainihin cutar, kuma dukanmu muna ɗauke da ita.

Matar maƙwabcina ce, haihuwarta ta biyar. An kawo ta wajen ƙarfe ɗaya na dare, ruwa na zuba. Malamar asibitin da ke kwana ita kaɗai ce, sai ungozomar unguwa da ta rako ta, wadda kowa ke kira Inna. Haihuwa ta zo lafiya, mabiyiya ta fita, jini kuwa ya ƙi tsayawa. Inna ta riƙe wayar hannu tana haskawa, malama tana murza marar da hannu ɗaya, ɗaya hannun tana laluben akwatin da ta san babu komai a ciki. Mijin ya ruga cikin ruwa ya buga ƙofar mai kemis, ya samo allura biyu da Allah kaɗai ya san watannin da suka yi a kan kanta cikin zafi, alhali irin wannan allura sanyi take so. Aka yi, jinin ya ragu bai tsaya ba. Neman mota ya ci kusan awa guda, domin ba wanda ke da lambar direba ko ɗaya. Da asuba aka isa babban asibiti a Daura, aka yi mata ƙarin jini, ƙannen mijin biyu suka bayar. Ta rayu. Amma ta yi watanni ba ta iya ɗaukar tulu, jaririyar ma da madarar gwangwani aka fara raino.

Kwana uku bayan haka Inna ta tare ni a ƙofar makaranta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, an ce kai ke riƙe da littafi. Ka duba mini, a wane shafi aka rubuta cewa magani ya ƙare?” Na ce ba a rubuta ba. Ta ce, “To me kuke rubutawa?”

Da wannan tambaya na je wajen dagaci da littafin, na buɗe masa, na nuna masa tarukan da ba a yi ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya sa a kira taron gari, ba na kwamiti kaɗai ba.

Zaman ya ci yini biyu, kuma a nan ne nake ganin darasin lamarin yake, domin ba wanda ya zo da mugun nufi, amma kowa da abin da yake nufi da kalmar cancanta. Dattawa suka ce cire Alhaji butulci ne. Wani tsoho ya ce, “Ranka ya daɗe, mutumin da ya shayar da mu ruwa, yau don ya kwanta ciwo za mu tuɓe masa rawani?” Kansila ya ce kwamitin ya tsufa, a rushe a kawo matasa, kuma ya zo da sunayensu a aljihu, duk wanda ya ji sunayen ya san yaran da suka yi masa yawon kamfen ne. In-caji ya kawo tasa shawarar, cewa a roƙi hukuma ta bar shi ya riƙa sa hannu da wani ma'aikaci don aiki ya yi sauri. Na fahimci gajiyarsa, mutumin kirki ne da ya sha sayen safar hannu da albashinsa. Duk da haka na ƙi goyon baya, kuma har gobe ina kan bakana. Hannu na biyu an sa shi ne don ya zama idon gari. In ya koma cikin asibiti, gari ya makance, ko da wanda ke ciki waliyyi ne, balle ma ba shi zai dawwama a wurin ba.

Liman ne ya warware ƙullin farko. Ya ce amana a Musulunci ba lada ba ce da ake saka wa mai alheri, kaya ne da ake ɗora wa wanda zai iya ɗauka, kuma ɗora wa mutum abin da ba ya nan balle ya sauke, zaluntarsa ne. Ya ce wa dagaci, “Allah ya ba ka nasara, ba Alhaji ne ya gaza ba, mu muka rataya masa.” Wannan magana ta ba kowa hanyar fita ba tare da an kunyata kowa ba. Aka amince Alhaji ya koma uban kwamiti tare da dagaci, shugaba kuma ya zama wanda ke kwana a mazaɓar, wanda iyalinsa a wannan asibitin suke awo.

A kan sharaɗin nan na biyu aka fi jan magana, ni kuma shi na fi riƙewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa ɗakinmu yoyon gaske yake yi, kuma cikin mutum goma sha biyar na tsohon kwamiti, da aka bi ɗaya bayan ɗaya, uku ne kawai matansu suka taɓa haihuwa a ciki. Sauran Daura suke kai nasu, ko Katsina. Mutumin da ba zai taɓa tsayuwa a wannan baranda da tsakar dare yana jiran labari ba, komai kyawun zuciyarsa, ƙarewar allura a wurinsa labari ne da zai iya jiran ƙarshen mako.

Ban yarda da masu cewa a raba sarauta da kwamitin gaba ɗaya ba. Duk wanda ya ga yadda aka yi da shan inna ya san haka. Bayan turjiyar da aka yi wa allurar a 2003, abin bai daidaita sosai ba sai da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu a 2009 ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gida-gida, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Maganar dagaci tana buɗe ƙofar da takardar hukuma ba ta buɗewa. Amma wanda ake kai wa ƙara bai kamata ya zama shi ke riƙe da cak ba, in ba haka ba wa za a kai wa ƙararsa? Kansila ma an bar masa wurinsa na mai kai kuka ƙaramar hukuma, ba a ba shi ikon zaɓen mambobi ba, don kujerarsa tana tafiya da zaɓe, ciwo kuma ba ya tambayar jam'iyya.

Sai maganar mai kemis, wadda ta fi kowace wuya a raina. Ya nemi kujerar ma'aji, kuma mutane da yawa sun mara masa baya, domin ya san magani, ya san farashi, kuma shi ne ya buɗe shagonsa cikin ruwa a wancan dare bai karɓi ko sisi ba. Wani matashi ne ya yi ƙarfin halin faɗin abin da ke zukata: duk ranar da asibiti ya rasa magani, layi a ƙofar kemis yake komawa. Ba zargi ba ne, yanayin sana'a ne. Mai kemis ya ji zafi, ya tashi ya fita. Washegari ya dawo da kansa ya ce ya yi tunani, a bar shi mamba yana ba da shawara kan farashi, amma kada a saya a wurinsa, kada kuma ya taɓa kuɗi. Na ƙara ganin girmansa tun daga ranar.

Batun mata kuwa, da farko an so a sake yin abin da aka saba, a rubuta suna biyu a wuce. Shugabar Islamiyyar matan aure ta aiko da saƙo cewa su za su zaɓi nasu. Suka zauna a ajinsu ranar Alhamis suka fito da mutum biyar, da Inna a ciki, da wata mai sayar da ƙuli-ƙuli da ta shekara goma tana riƙe da adashin unguwa ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ita suka ce a ba ma'aji. Aka ce ba ta yi boko ba. Suka ce tana rubuta ajami, kuma lissafin adashin mata arba'in ya fi na asibiti sarƙaƙiya. Liman da dagaci suka je da kansu wajen mazajen biyar ɗin neman izini, abin da da an yi shi tun farko da ba a sami kujerar da ta shekara biyu babu kowa a kai ba. Aka kuma mayar da taro harabar asibiti da hantsi, tunda ba kowace mace za ta shiga zauren dagaci ta yi magana ba.

Shugaban da aka zaɓa tela ne, shagonsa yana kallon ƙofar asibiti. Aka sa wakilin direbobin tasha, bisa koyi da tsarin da aka taɓa gudanarwa a Katsina da Jigawa da Yobe da Zamfara, inda 'yan ƙungiyar direbobi ke ɗaukar mai naƙuda cikin gaggawa. Yanzu lambobin direbobi huɗu suna rubuce da fenti a bangon ɗakin haihuwa. Muka sa wa kanmu ƙa'ida: wa'adin shekara biyu, wanda ya yi fashin taro uku a jere ba uzuri kujerarsa ta faɗi, ba a sa hannu a littafi sai a wurin taro, kuma duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita bayan sallar Juma'a, a maimaita a Islamiyya. Na nemi a sauke ni saboda abin da na yi. Aka ce in zauna, amma wata malamar makaranta ta riƙa karanta abin da na rubuta a bainar jama'a kafin a tashi. Hukuncin ya yi daidai.

Canza sa hannu a banki ya ci kusan wata biyu, tsakanin wasiƙar sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hotuna da zirga-zirga. Da kuɗin suka fito aka sayi magani tukuna, sannan batir, kwano ya jira zango na gaba.

Ba komai ne ya gyaru ba, kuma gyaran ya zo da tsadarsa. Alhaji ya karɓi dagaci da liman da fara'a da suka je masa Kaduna, amma an ga alama, gudummawar da yakan aiko wa asibiti da salla ba ta zo ba a shekarar. Ya dawo da ita daga baya, sai dai har yanzu wasu 'yan'uwansa ba sa amsa mini gaisuwa da sakin fuska. Akwai kuma abin da muka rasa wanda ban hango ba: Alhaji yana ɗaga waya ya sami babban jami'i a Katsina, tela kuwa sai ya rufe shago ya yini a benci a sakatariya, wani lokaci ya dawo ba a gan shi ba. Wannan ya koya mana mu daina barin kujerar uba ta zama ado, mu riƙa kai masa takamaiman buƙata a rubuce. Ta hanyarsa aka samo gadon haihuwa na biyu. Matan ma sun yi taro uku ba wadda ta buɗe baki sai Inna, har sai da aka tsara cewa su fara zama su kaɗai kwana ɗaya kafin taro, su zo da maganarsu a dunƙule, kuma ita ake fara saurara kafin ta maza. Daga bakinsu muka ji abin da shekara biyu ba mu ji ba: cewa rashin labule a ɗakin awo yana hana mata zuwa fiye da rashin magani. Yadi shida ya magance wannan, shugaba ya ɗinka da kansa.

Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne ma'aikata. Kwamiti ba ya ɗaukar ma'aikaci, ba ya biyan albashi, wannan na hukumar jiha ne da ƙaramar hukuma. Har yau mace ɗaya ce ke kwana, in ta yi tafiya ko ta kwanta ciwo ɗakin haihuwa a rufe yake, duk da cewa makarantar koyon aikin lafiya tana nan Daura, ta ungozomomi tana Malumfashi, kuma muna da 'yan mata a mazaɓar da suka gama suna zaune a gida.

A taron watan jiya, kafin a buɗe da addu'a, Inna ta sa aka fito da akwatin sanyi kamar yadda ta mayar al'ada, ta ƙirga allurar tsayar da jini ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, malamar makaranta ta duba ranar lalacewarsu, na rubuta. Matar maƙwabcina tana cikin masu saurare, da yarinyar a bayanta, ta fara tafiya. Ita ce ta tambayi inda aka kwana kan wasiƙar neman ma'aikaciya ta biyu. Shugaba ya ce an kai, ba amsa. Aka yanke a sake rubutawa, a haɗa da sunayen 'yan matan da takardunsu, dagaci ya sa hatimi, kwafi ɗaya ya tafi wajen hakimi, ɗaya a aika wa Alhaji. Na rubuta ta a daren, tela zai kai ranar Litinin.